Kafin Ka Hau Mumbari Ka Tuna da Malamanka

Ɗana, na ji an ɗora maka jawabin tunawa da malaman fanninku da suka riga mu, waɗanda suka haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da bangaskiyar Kirista. Madalla. Bari in ɗan sa maka baki tun takardar ba ta bushe ba.

Shekarar 2021 ta yi wa wannan fanni giɓi a Amurka. Larry Crabb ya rasu a Fabrairu, Archibald Hart ya bi shi a Yuli, Gary Collins kuma ya cika a Disamba. Ku 'yan yanzu kun tarar da hanya a share, shi ya sa nake so ka fara da wuyar da aka sha. Lokacin da makarantar tauhidi ta Fuller da ke Pasadena ta buɗe sashen wannan ilimi a 1965, a hannun Lee Edward Travis, fastoci da dama kallon kayan Freud suke yi masa, mutumin da ya ɗauki addini ruɗu ne. Masanan jami'a kuwa suna shakkar ko mai durƙusawa ya yi addu'a zai iya kimiyya. A 1970 Jay Adams ya fitar da Competent to Counsel, yana cewa Littafi Mai Tsarki ya isa wa mai ba da shawara. Malaman nan suna tsakiya, ana jifansu ta gaba da ta baya, ba su kuma fasa shiga aji ba.

Na san za ka so jera littattafai. Ka ambaci Christian Counseling na Collins, wanda ya fito a 1980, ya zama abokin fastoci a ƙasashe da yawa. Ka ambaci Adrenaline and Stress na Hart, ɗan Afirka ta Kudu da ya shugabanci sashen na Fuller, wanda ya yi ta jan kunnen masu hidima cewa jiki ba ƙarfe ba ne, gaggawar yau da kullum tana cin zuciya ko da aikin Ubangiji ake yi. (Wannan kam har yau akwai fastocin da ba su ji ba.) Amma kada ka daɗe a nan. Littafi yana kan kanta, kowa zai iya ɗaukowa.

Inda nake so ka zauna shi ne wajen wani da ba a cika ambata ba, Randall Sorenson na makarantar Rosemead a jami'ar Biola, wanda ya rasu a 2005 yana tsakiyar ƙarfinsa. Shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna binciken tambaya ɗaya: ta yaya ɗalibi yake koyon haɗa bangaskiya da wannan ilimi? Da za ka tambaye ni kafin in ji sakamakon, da na ce ta lacca da karatu. Abin da suka samo shi ne dangantaka ce ke ɗauke da nauyin. Ɗalibi yana koya ne daga malamin da ya ga yana tafiya da Allah da gaske, tafiyar da ba ta ƙare ba, kuma malamin ya bar ƙofa a buɗe har ɗalibin ya leƙa. Ka ga ke nan abin da ya kamata ka nema wajen tsofaffin ɗalibai: wa ya zauna da kai ranar da ka faɗi jarrabawa, wa ya ce maka bai san amsa ba, wa ya tambayi lafiyar mahaifiyarka ya kuma jira ka gama magana. Irin wannan ne ke ɓacewa idan ba a faɗa ba.

Sai kuma ka yi hattara da wanke mamaci fiye da kima. Mu nan muna da al'adar rufa asiri, kuma tana da kyau, sai dai malamin da aka mayar waliyyi ba ya koyuwa. Crabb ya rasa ɗan'uwansa a haɗarin jirgin sama a 1991, bai ɓoye cewa abin ya girgiza shi ba, ya rubuta Finding God daga cikin wannan raɗaɗi. Daga baya ma ya karkata ga cewa warakar da mutane ke nema a ofishin ƙwararru, da yawanta a cikin zumuncin ikilisiya ya kamata a same ta, abokan sana'arsa da dama ba su ji daɗi ba. Ka faɗi haka. Ɗalibi zai fi amfana da jin cewa malaminsa ya canza ra'ayi yana da furfura.

Idan akwai iyalin wani malaminku a wurin, ka isa gare su kafin taro, ka yi ta'aziyya da bakinka, ba ta lasifika kawai ba. Su ne suka yi haƙuri da daren da ya kwana kan takardunku. Kuma cikin malaman da suka koyar da kai akwai wanda ya yi ritaya, yana nan da rai, ƙafa ce kawai ta yi nauyi. Ka aika masa mota, a zaunar da shi a gaba, a ba shi dama ya yi magana kafin kai.