Amsoshin Tambayoyinku: Sake Cika Kwanson Harsashi da Kayan Awonsa

Tambaya: Ni mafarauci ne, kuma harsashi ya yi tsada. Na ga a waya yadda Amurkawa ke tara kwanson da suka harba su sake cika shi. Waɗanne ƙarafa da ma'aunai zan saya in riƙa yin nawa? Daga wani mai karatu a unguwar Titirou, Parakou, Jamhuriyar Benin.

Amsa: Abin da ka gani gaskiya ne. A Amurka doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa don amfanin kansa, kuma akwai kamfanoni irin su Lee, RCBS, Hornady da Redding da ke ƙera kayan aikin. Zan bayyana maka su, sannan in faɗa maka ra'ayina.

Ƙarafan da kake nufi wasu gajerun bututai ne masu tauri da ake ɗaurawa a kan injin matsi. Idan aka harba harsashi, kwanson tagullar yakan kumbura ya ɗan ƙara tsawo. Ƙarfe na farko shi ke matse shi ya koma girmansa na asali, na biyu kuma ya zaunar da sabon kan harsashi daidai zurfin da ake so. Ba a zaɓensu da ido. Kowane irin harsashi da nasa: .308 da .30-06 kaurin kansu ɗaya ne, amma kwanson na farko milimita 51 ne, na biyu 63, don haka ƙarfen wannan ba ya yi wa wancan. Sa'an nan mafi yawan mafarautan yankunan Borgou da Donga bindigar kaliba 12 suke riƙewa ko ta maƙera. Harsashin kaliba 12 kwansonsa roba ne, waɗannan ƙarafa ba nasa ba ne sam.

Inda maganar take da nauyi shi ne awo. Ana auna albarushi da wani ƙaramin awo mai suna giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, wato giren ɗaya bai kai kashi 7 cikin 100 na giram ba, kuma sikelin masu wannan aiki yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. Sikelin 'yan gwal ko na kanti a kasuwar Arzèkè ba don wannan aka yi shi ba. Akwai kuma ma'aunin kauri mai baki biyu, wanda makanikai ke kira pied à coulisse, da ake gwada tsawon kwanso da shi, domin kwanson da ya wuce ƙa'ida yakan cije kan harsashi a cikin bindiga, matsi ya hau.

Me ya kawo wannan tsanani? Iskar tayar mota ba ta wuce awo 35 ba a sikelin mai faci. Matsin da ke tashi cikin bindigar .308 yana iya kai 62,000 a wannan sikelin, bisa iyakar da ƙungiyar SAAMI ta Amurka ta sa, kuma fuskarka na jingine da ƙarfen. Kakanninmu sun ɗura bindigar toka da awon hannu saboda baƙin albarushi suke amfani da shi. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, wani abu ne daban. Ire-irensa da yawa ne, wani na cin wuta da sauri wani a hankali, alhali a ido kusan duk ɗaya suke. Shi ya sa Ba'amurken da ka gani ba ya ƙiyasi: yana da gwangwani mai suna da lamba, da littafin da aka gwada kowane awo a ɗakin gwaji. Garin da aka ƙulla maka a leda ba shi da suna, babu sikelin da zai gaya maka ko mene ne. Ina roƙonka musamman, kada ka taɓa farke harsashin zamani ka zuba garinsa a bindigar maƙera. Bakin bindigar ba zai ɗauka ba, kuma yatsu da idanu ne ke fara tafiya.

Sai doka. Jamhuriyar Benin na cikin yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, kuma ta haɗa har da harsasai da kayan haɗa su. Izinin riƙe bindigar farauta ba izinin haɗa harsashi ba ne. Ga kuma halin da ake ciki a yankin dazukan Pendjari da W, inda matsalar tsaro ta sa jami'ai sa ido sosai. Mutumin da aka samu da injin cika harsashi a hanyar Parakou zuwa Djougou zai daɗe yana bayani kafin a yarda cewa zomo da zabo yake nema.

Don haka ra'ayina, Malam, kada ka sayi kayan nan. Kuɗin injin da ƙarafa da sikeli da jigila zai saya maka harsasai masu yawa daga dila mai lasisi. Ka yi magana da shugabannin ƙungiyar mafarautanku ku riƙa haɗa kuɗi kuna saye tare kafin farautar rani, ka adana harsasanka inda damshi da zafin rana ba sa kaiwa, ka kuma tabbatar takardar bindigarka da izinin farautarka na wannan shekara suna aljihunka kafin ka shiga daji.