Yini Ɗaya a Ƙasar Maya

Yau darasinmu zai kai mu nesa. Za mu ƙetare babban teku, mu nufi yamma, zuwa ƙasar Meksiko, wadda ke kudu da Amurka.

Akwai waɗansu manyan jiragen ruwa waɗanda ba sa ɗaukar kaya, sai masu yawon buɗe ido. Jirgi ɗaya yakan ɗauki mutum 3,000 ko fiye. A ciki suke ci, a ciki suke kwana. Yakan tsaya a tasha da safe, mutane su sauka su ga gari, da yamma ya tashi. To, mu ɗauka muna cikin irin wannan jirgi.

Da gari ya waye sai ga mu a tashar Kosta Maya. An buɗe ta a shekarar 2001. Kafin mu sauka sai mu duba allo, mu karanta lokacin tashi, mu daidaita agogonmu da na jirgi. Wanda ya tafi yawonsa ya makara, jirgi ba ya jiransa.

Daga tasha sai mu shiga mota da jagora. Bayan tafiyar kamar awa ɗaya, sai mu iso wani kufai a tsakiyar kurmi. Sunansa Cakcoben, wato wurin jar masara. Mutanen da suka gina shi ana kiransu Maya.

Me za mu gani? Za mu ga manyan gine-gine na dutse, masu faɗin gindi da matakala har sama. Siffarsu kamar dalar gyaɗa da aka yi a Kano a da. Sun fi shekara 1,000 a tsaye. Mutanen Maya ba su da ƙarfe, ba su da jaki ko raƙumi. Da dutse suka sassaƙa dutse, da ƙarfinsu suka ɗauko shi. Manoman masara ne. Suna da rubutunsu, suna da lissafi har da sifiri, sun kuma san ƙidayar kwanakin shekara.

Daga baya mutane suka watse daga garin. Itatuwa suka tsiro a kan gine-ginen, har suka zama kamar tuddai. A 1972 wani masani ya sanar da gwamnati labarin wurin. A 1994 aka fara tono, a 2002 aka buɗe shi ga baƙi. Amma kada mu ce Maya sun ƙare. Jikokinsu suna nan a ƙauyukan da ke kewaye, suna noma, suna magana da harshensu.

A nan jagora zai gargaɗe mu. Inda aka gitta igiya, kada mu haura. Kada mu ɗauki ko ɗan dutse. Kada mu rubuta sunanmu a bango. In kowane baƙo ya ɗauki dutse ɗaya, ina ginin zai kwana?

Rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa mu. Sai mu koma mota, mu nufi tafkin Bakalar. Tsawonsa kamar kilomita 42 ne, amma ba shi da faɗi sosai. Ruwansa ba gishiri. Ana kiransa tafki mai launi bakwai. Dalili kuwa shi ne, ƙarƙashinsa fari ne fat. Inda ba zurfi sai ruwan ya yi haske, inda akwai zurfi sai ya yi shuɗi kamar an turo shi daga marina. A bakin tafkin akwai tsohuwar ganuwa wadda Turawan Sifen suka gina, don tsoron 'yan fashin teku.

A nan za mu yi iyo, mu huce. Wanda bai iya ba, ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba. A gefen ruwan akwai waɗansu abubuwa masu kama da dutse, amma suna da rai. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke gina su sannu a hankali, shekara da shekaru. In aka taka su sai su mutu. Don haka ake hana takawa, ake kuma roƙon baƙi kada su shiga ruwa da mai a jiki.

Tafkin nan yana iya ɓaci. A watan Yuni na 2020 aka yi ruwan sama mai yawan gaske. Ruwan ya kwaso laka daga inda aka sare daji, ya zuba a ciki. Launin ya ɓace, tafki ya yi wata da watanni a gurɓace.

La'asar ta yi. Mu duba agogo, mu koma jirgi tun da sauran lokaci. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mu yini ɗaya muka yi, amma masu wurin da shi suke cin abinci, su da 'ya'yansu. Baƙon kirki yakan bar wuri yadda ya same shi.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Cakcoben take?
2. Da me Maya suka sassaƙa dutse?
3. Me ya ɓata launin tafkin a 2020?
4. Akwai kufai ko tafki kusa da garinmu? Wa ke kula da shi?

Mu rubuta: jirgi, kufai, tafki, baƙo, agogo.