Amsoshin Tambayoyinku: Ina kwana a Mararaba, ina aiki a Abuja, wa ya kamata ya karɓi harajina?

Tambaya: Ni mutumin Funtuwa ne, kuma iyalina suna can a gidana. Ina aiki a wani kamfani a Wuse, Abuja, amma ɗakin da nake haya yana Mararaba. Duk wata ina ganin an cire haraji a takardar albashina, akanta ya ce Abuja ake kai wa. Wani abokina kuma ya ce Katsina ya kamata a kai, tunda can ce jihata. Don Allah a warware mini. Daga wani mai karatu a Mararaba.

Amsa: Da akantan da abokin naka, kowa ya kauce. A yadda ka kwatanta zamanka, harajinka na Jihar Nasarawa ne.

Na fahimci inda abokinka ya samo tunaninsa. A zamanin kakanninmu, ɗan ci-rani kan tafi birni da rani ya yi ga-ruwa ko dako, ya ƙulle kuɗinsa, ya komo gida ya biya haraji a hannun dagacin da sunansa ke wurinsa. Wannan ne ya zauna a zukatan mutane har yau, cewa haraji yana bin asali. Dokar harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ba ta tambayi inda aka haife ka ba, ba ta kuma tambayi inda ofishinku yake ba. Abin da ta tambaya shi ne: ina mazauninka? Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, sun bar wannan tushe yadda yake. Jihar da kake zaune ita ke karɓa.

To, mene ne mazauni a idon doka? Wuri ne da ke hannunka don zaman gida, inda kake da makulli, kake ajiye kayanka, kake kwana. Ba sai ka mallake shi ba, ɗakin haya ya isa. Otal da masaukin baƙi ba sa shiga lissafi, sai in mutum ba shi da wani wurin da ya fi su tabbata.

Nan ne lamarinka ya ɗan yi sarƙaƙiya, domin mazauni biyu gare ka: gidan Funtuwa da ɗakin Mararaba. Na san zuciyarka tana Funtuwa. Can ne matarka take, can yara ke makaranta, can kake yin Sallah, kuma wataƙila ɗakin Mararaba bai wuce katifa, risho da bokitin wanka ba. Amma dokar ta 1993 ta yanke wannan a sarari: mai albashin da ke da mazauni fiye da ɗaya, babban mazauninsa shi ne wanda ya fi kusa da inda ya saba yin aiki. Tsakanin Funtuwa da Mararaba, ba sai an tambayi wanda ya fi kusa da Wuse ba. Mararaba kuwa tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ko da yake wanda ya fito daga Nyanya, wadda ke cikin Babban Birnin Tarayya, da ƙyar zai gane inda ya tsallaka iyaka. Haka abin yake ga masu kwana a Suleja da Madalla, nasu na Jihar Neja ne. Haka kuma masu kwana a Mowe ko Ibafo su yi aiki a Legas, nasu na Ogun ne.

Akwai kuma maganar rana. Ana duba inda kake zaune ne a ranar 1 ga Janairu, wannan jiha ita ke da harajin shekarar gaba ɗaya. Da a ce kana Nyanya a farkon shekara, kuɗin haya ya kore ka zuwa Mararaba a watan Maris, to Abuja za ta ci gaba da karɓa har Disamba, Nasarawa ta fara a Janairu mai zuwa. Wanda ya kama sabon aiki a tsakiyar shekara kuwa, ana duba inda yake zaune ranar da ya fara aikin.

Kada ka ji tsoron cewa mayar da harajinka Nasarawa zai ƙara maka ko kwabo. Ma'aunin harajin albashi dokar tarayya ce ta tsara shi, iri ɗaya ne daga Sakkwato har Bayelsa. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, daga nan a fara da kashi 15 cikin ɗari, a riƙa hawa har kashi 25 ga masu samun da ya haura miliyan 50. Wannan ya bambanta da Amurka, inda kowace jiha ke da nata ma'auni, wasu kamar Texas da Florida ma ba sa karɓar harajin albashi sam. A nan gida, abin da ke sauyawa kawai shi ne asusun da kuɗin ke shiga.

Kana iya cewa to mene ne naka a ciki, tunda dai an cire? Abu biyu. Na farko, ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru 3 da suka gabata, hukumar da ke da hurumin ba ka ita ce ta jihar da kake zaune, kuma ba za ta shaidi kuɗin da bai shigo mata ba. Kamfanin ma yana cikin haɗari, domin Nasarawa na iya bin sa bashin kuɗin nan ko da ya riga ya kai su wani wuri, sai ya koma yana fafutukar karɓo abin da ya biya bisa kuskure.

Na biyun shi ne wanda ya fi damuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Mararaba bayan sallar Asuba ya ga jama'ar da ke tururuwa zuwa Abuja, ana ture-ture a ƙofar bas, masu kunun gyaɗa da ƙosai suna ta miƙa leda ta taga. Da yamma mutanen nan duka su komo. A Mararaba da Masaka suke shan ruwa, a nan suke zubar da shara, a nan ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma lungunan nan ne ke cika da taɓo da damina. Idan harajin wanda ke zaune a nan ya tafi Abuja saboda akanta ya ga ya fi sauƙi ya tura na kowa wuri guda, an bar Nasarawa da jaki an tafi da kaya. Ban ce duk kuɗin da ya shiga asusun jiha yana komawa kan kwalbati da asibiti ba. Amma wanda harajinsa ke zuwa Lafiya, babban birnin Nasarawa, yana da bakin tambayar Lafiya abin da ta yi da shi.

Abin yi ba shi da wuya. Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata takarda, ka bayyana adireshinka na gaskiya, ka haɗa da kwafin rasit ɗin haya ko yarjejeniyar da kuka yi da mai gida. Sau da yawa kuskuren daga fom ɗin da ma'aikaci ya cike ranar ɗaukar aiki yake farawa, inda ya sa adireshin wani ɗan'uwa a Garki ko Kubwa don a ga yana kusa. Rasit ɗin hayar nan ma yana da wani amfanin yanzu, domin sabuwar dokar ta ba mai haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba, a cire kafin a lissafa haraji. Sannan ka roƙi akanta ya nuna maka shaidar inda ya tura kuɗin. Doka ta ba shi zuwa ranar 10 ga watan da ke biye ya kai abin da ya cire, don haka in 10 ga wata ta wuce, rasit ɗin watan jiya ya kamata a ce yana hannunsa.