Darasi a Kan Bisharar Markus: Asalinta da Maganar Ƙarshenta

Wurin karatu: Markus 16:1-20, Ayyukan Manzanni 12:12, 1 Korantiyawa 15:1-8

A waɗansu bugu na Littafi Mai Tsarki, idan muka kai ga sura ta 16 ta Markus, mukan tarar an sa alama bayan aya ta 8, an kuma yi ɗan bayani cewa ayoyi 9 zuwa 20 ba su cikin waɗansu tsofaffin littattafai. Wannan yakan tayar da hankalin mai karatu. Wani yakan ce a ransa, ashe an yi ƙari a cikin Littafin? Wani kuwa yakan rufe shafin, yana tsoron tambaya. A cikin darasin nan za mu bi sawun wannan Bishara tun daga farkonta, domin mu san abin da muke riƙe da shi, mu kuma iya ba da amsa ta gaskiya ga wanda ya tambaye mu.

Wane ne Markus?

Littafin bai faɗi sunan marubucinsa ba. Amma tun a ƙarni na 2 ekklesiya ta san shi da sunan Markus, watau Yohanna Markus, wanda masu bi sukan taru a gidan uwarsa Maryamu a Urushalima. Ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, amma da suka kai Bamfiliya sai ya juya ya koma gida. Saboda wannan Bulus da Barnaba suka yi gardama mai zafi har suka rabu. Daga baya aka shirya, gama a cikin 2 Timoti 4:11 an nemi a zo da shi domin yana da amfani ga aikin.

Shaida mafi tsufa a kansa ta fito daga bakin Bafiyas, shugaban ekklesiyar Hirafolis a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 2. Littattafansa sun ɓace, amma Yusibiyas na Kaisariya, marubucin tarihin ekklesiya a ƙarni na 4, ya adana mana maganarsa. Bafiyas ya ce Markus tafintan Bitrus ne, ya kuwa rubuta abin da ya tuna daga koyarwar Bitrus daidai, ko da yake bai jera al'amuran bi da bi ba.

Mu da muke Chanchaga mun san aikin tafinta. Mun sha ganin mai wa'azi yana magana da Hausa, wani a gefensa yana juyawa zuwa Gbagyi ko Nufanci. Tafintan da ya daɗe da maigidansa yakan haddace labaransa har ya iya faɗinsu shi kaɗai.

Harshen da aka rubuta ta

Yesu da almajiransa sun yi magana da Aramiyanci, amma Markus ya rubuta da Helenanci. Dalilin ba shi da wuyar ganewa a gare mu. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta ratsa Minna, aka gama ta a 1911, mutane na kabilu dabam dabam suka taru a nan, Hausa ta zama harshen da suke ciniki da shi. Haka Helenanci yake a gabashin mulkin Roma: harshen kasuwa ne da na matafiya. Helenancin Markus kuwa irin na talakawa ne, gajerun jimloli, labari yana bin labari da sauri.

Littafin da kansa yana nuna mana irin mutanen da aka rubuta dominsu. Inda ya kawo kalmar Aramiyanci, kamar a 5:41 da 7:34, sai ya fassara ta. A 7:3-4 ya tsaya ya bayyana al'adar Yahudawa ta wanke hannu, abin da Bayahude ba ya bukatar a gaya masa. A 12:42 ya auna kuɗin gwauruwar nan da ƙaramin kuɗin Romawa. A 15:21 kuma ya ambaci Saminu mutumin Kurane, wani birni a ƙasar Libiya ta yanzu, har da sunayen 'ya'yansa biyu, sai ka ce masu karatu sun san su.

Yawancin masana suna ganin an rubuta ta tsakanin shekara ta 65 da ta 75. Kwanaki ne masu tsanani. A shekara ta 64 gobara ta ci birnin Roma, Sarki Nero ya ɗora wa Kirista laifin, ya karkashe da yawa. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Haikali a Urushalima. Waɗanda suka ga Yesu da idonsu suna ta ƙarewa. Shi ya sa maganar ɗaukar gicciye da jimrewa cikin tsanani ta yi yawa a littafin. Masana da yawa kuma suna ganin ita ce ta fari cikin Bisharu huɗu, Matta da Luka suka yi aiki da ita, gama kusan kashi tara cikin goma na abin da ke cikin Markus yana cikin Matta.

Yadda aka juya ta da hannu

Ba mu da takardar da Markus ya rubuta da hannunsa, haka kuma sauran littattafan Sabon Alkawari. Abin da muke da shi juyi ne daga juyi. Da fari an yi rubutu a kan takardar da ake yi da wata irin ciyawa ta bakin Kogin Nilu, daga baya a kan jemammiyar fata. Ba a raba kalmomi, ba lambar sura, ba lambar aya. Surorin da muka sani an tsara su ne a farkon ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya sa musu lamba a 1551.

Duk wanda ya ga malami yana juya littafi da alƙalami da tawada ya san yadda ido yakan tsallake layi, ko bayanin da wani ya rubuta a gefe ya shiga cikin rubutun. Maganin wannan shi ne a tara juyi da yawa a gwada su. A yau akwai fiye da 5,000 na Helenanci, manya da gutsattsari, ban da tsofaffin fassarori na Latinanci da Suriyanci da Kibɗanci. Rairayin Masar ya adana mafi tsufa daga cikinsu. Wani littafi na ƙarni na 3, wanda yake a ɗakin littattafan Chester Beatty a Dablin, yana da sassa na Markus daga sura ta 4 zuwa ta 12, amma ƙarshen ya lalace.

Abin da tsofaffin littattafai suka nuna

Littattafai biyu na ƙarni na 4 su ne mafi tsufa na Helenanci da ke ɗauke da ƙarshen Markus. Ɗaya yana ɗakin littattafan Batikan a Roma. Ɗayan kuwa Constantin Tischendorf, Bajamushe, ya gan shi a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i a 1844 da 1859. A 1933 aka sayo mafi yawansa daga Rasha a kan fam 100,000, yanzu yana London. A cikin duka biyun, Markus ta ƙare a 16:8, inda matan suka fito daga kabarin a guje cikin tsoro. Yusibiyas, da Jerom bayansa, sun ce haka yawancin juyin Helenanci da suka sani suka ƙare. Wani tsohon juyi na Latinanci daga Afirka ta Arewa yana da wani gajeren ƙarshe dabam.

Amma dole mu ji ɗaya gefen. Ayoyi 9 zuwa 20 suna cikin mafi yawan juyin da suka zo hannunmu. Ba kuwa sababbi ba ne, gama wajen shekara ta 180 Iraniyas, shugaban ekklesiyar Liyon a ƙasar Faransa ta yanzu, ya ɗauko aya ta 19, ya ce daga ƙarshen Markus take. Watau an san su tun kafin a rubuta manyan littattafan nan biyu.

Sai mu duba ayoyin da kanmu. Aya ta 9 ta gabatar da Maryamu Magadaliya kamar baƙuwa, alhali kuwa an ambace ta a aya ta 1. Akwai kalmomi da dama a wurin waɗanda Markus bai yi aiki da su a sauran littafin ba. Abin da suka ƙunsa kuma taƙaitawa ce ta abin da ke wasu wurare: bayyanuwa ga Maryamu tana Yohanna 20, mutum biyu a hanya suna Luka 24, aiken almajirai yana Matta 28, hawa sama yana Ayyukan Manzanni 1. Saboda haka yawancin masana sun tsaya a kan cewa wani mai bi na ƙarni na 2 ne ya rubuta su domin ya cika labarin. Game da aya ta 8, waɗansu suna ganin nan Markus ya yi nufin tsayawa, waɗansu kuwa suna ganin takardar ƙarshe ce ta ɓace tun da wuri.

Me wannan yake koya mana?

Na fari, labarin tashin Almasihu bai rataya a kan ayoyin nan goma sha biyu ba. A 16:6-7 an riga an sanar da tashinsa, an kuma ce za su gan shi a Galili. Bulus kuwa, da ya rubuta wa Korantiyawa wajen shekara ta 55, tun ba a rubuta Markus ba, ya lissafa waɗanda suka gan shi, ya ce abin da ya karɓa ne ya ba su.

Na biyu, alamar nan da ke cikin Littafi shaidar aminci ce. Waɗanda suka sa ta sun nuna mana abin da suka tarar, ba su ɓoye ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mai gaskiya kuwa ba ya tsoron a bincika kayansa. Fassararmu ta Hausa ma ta bi irin wannan hanya ta gyara da sake dubawa: Sabon Alkawarin J. F. Schön ya fito a 1880, dukan Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932 ta aikin Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, aka kuma sake fassara shi daga baya. Idan maƙwabci ya tambaye mu, kada mu musanta abin da yake a fili, kada kuma mu yi fushi. Mu bayyana masa da ladabi.

Na uku, kada mu gina koyarwa a kan aya ɗaya tilo, balle wadda take a irin wannan wuri. Aya ta 18 tana maganar ɗaukar macizai da shan dafi. A Amurka waɗansu ƙananan ekklesiyoyi sun mai da wannan al'adar sujada, shugabansu George Hensley kuwa saran maciji ne ya kashe shi a 1955. Macijin da ya kama hannun Bulus a tsibirin Malita, Bulus bai neme shi ba, itace yake zubawa a wuta. Ubangiji da kansa ya ƙi ya gwada Allah sa'ad da aka ce ya faɗo daga kan Haikali. Mu manoma ne da yawanmu. Idan maciji ya sari ɗan'uwa a gona ko a bakin kogin Chanchaga, mu yi addu'a muna tafe, mu kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Wanda ya hana shi zuwa da sunan bangaskiya, alhakin ransa yana wuyansa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne a cikin littafin suke nuna cewa ba domin Yahudawan Urushalima aka rubuta shi ba?
2. Mu faɗi shaida biyu da ke goyon bayan ƙarewa a aya ta 8, da biyu da ke nuna tsufan ayoyi 9 zuwa 20.
3. Markus ya gudu daga aiki, Bitrus ya yi musun Ubangijinsa, matan suka tsorata. Me ya sa ekklesiya ba ta share waɗannan labarai ba?
4. Ƙaƙa za mu amsa wa yaro ɗan makaranta da ya ce an yi ƙari a cikin Littafin?

Aikin gida: kowa ya karanta Markus daga sura ta 14 zuwa 16:8 a zama ɗaya, da murya, kamar yadda masu bi na fari suka ji ta.

Mu rufe da addu'a, muna gode wa Allah saboda waɗanda suka juya Littafin da hannu da waɗanda suka fassara shi, muna kuma roƙo ya ba mu zuciya mai son gaskiya.