Damuwa Ma Tana Cin Hanji

'Ya'yana, ku da kuke sammako zuwa gonakin masara na Doguwa da fadamun shinkafa na Tudun Wada, da masu haya da babur a Kwanar Dangora, ku ba ni aron kunnuwanku.

Sau da yawa matashi zai ce cikinsa na murɗawa, sai a ɗora wa abinci laifi. Wani lokaci abincin ne, ko ruwa. Amma mafi yawan ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji suke zaune, kuma akwai jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa har ciki. Idan bashin taki ya hana mutum barci, ko fargabar JAMB, ko kuɗin aure, jiki yakan yawaita sakin wani sinadari mai suna kotisol. Na kwana ɗaya ba komai. In abin ya ɗauki watanni, yauƙin da ke kare bangon hanji yakan ragu, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Wahalar jiki ma haka take. Mai noma a tsakar rana, jininsa kan tafi ga damatsa da fata, ya bar hanji da ɗan kaɗan. Da yamma ya dawo a gajiye, ya tsaya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen, ya kora da ruwan leda, ciki ba komai. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don magungunan nan su ma suna cin bangon ciki. Gyambon ciki kuwa, tun 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawansa, damuwa kuma tana tsananta zafinsa. Mai fama da shi ya je asibiti a gwada shi, kada ya zauna yana jiƙa kanwa.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙe sirri mutunci ne. Amma damuwar da ta hana ka barci, faɗa wa mahaifinka, ko malaminka, ko aminin da ka yarda da shi. Ku karya kumallo da koko ko fura da nono kafin ku fita, ku riƙe ruwa mai tsabta, ku nemi inuwa in rana ta take. Da dare ku ajiye waya ku kwanta.

Allah Ya ba ku lafiya, Ya yi muku albarka.