Yadda Ake Ɗaukar Bidiyo Na Ƙwararru Da Kyamarar Hoto

Matasa da yawa sun fara harkar bidiyo ne da wayar hannu. Amma da zarar an fara kiran mutum aikin biki, walima ko tallar kanti, sai ya ga masu ba da aikin suna neman abin da ya fi na waya. A nan ne ake komawa ga kyamarar hoto, wato DSLR ko ƙanwarta marar madubi. Sai dai kyamara mai tsada a hannun wanda bai san saitinta ba tana iya fitar da bidiyon da bai kai na waya ba, kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai ɗauka ya yi kuskure.

Daga ina abin ya faro?

A shekarar 2008 kamfanin Nikon ya fitar da D90, DSLR ta farko da ke ɗaukar bidiyo. A cikin shekarar dai Canon ya biyo baya da 5D Mark II mai ɗaukar 1080p. A 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin House a Amurka da wannan kyamara, abin da ya nuna wa masu shirya fim cewa ba kayan wasa ba ce. A 2014 kuma Panasonic GH4 ta zo da ɗaukar 4K kai tsaye a cikin katin memori.

Me ya bambanta ta da waya?

Sirrin yana cikin girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Sensar 5D Mark II tana da faɗin milimita 36 da tsawon 24, ta ninka ta yawancin wayoyi sau da yawa. Babbar sensa tana tara haske sosai, don haka hoton dare ba ya cika ɗigo-ɗigo. Tana kuma sa bayan mutum ya dusashe shi kuwa ya fito sarai. Waya tana kwaikwayon wannan da manhaja, shi ya sa wani lokaci take cinye gefen hula ko mayafi. Ƙari a kan haka, ana canza gilashin gaba. Gilashi mai lamba 50mm f/1.8 yana cikin mafi arha, kuma ya isa hira da ɗaukar fuska.

Saiti huɗu da ba a wasa da su

Na farko shi ne adadin hotuna a daƙiƙa. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana tafiya ne a kan 50Hz, don haka 25 ko 50 ya fi dacewa. Idan aka bar kyamara a kan 30 ko 60, waɗanda suka dace da wutar Amurka mai 60Hz, fitilun zauren biki na iya riƙa walƙiya a bidiyon, ko layuka su riƙa gilmawa. A yawancin kyamarori ana gyara wannan ta zaɓen PAL a maimakon NTSC.

Na biyu shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Ƙa'idar ita ce a ninka adadin hotuna sau biyu: mai ɗauka a 25 ya sa 1/50, mai ɗauka a 50 ya sa 1/100. Idan lambar ta haura sosai, motsin mutane zai riƙa fizga kamar ana tsinka shi.

Na uku shi ne ISO. A bar shi ƙasa gwargwadon hali, domin ɗaga shi yana ƙara haske amma yana jawo ɗigo-ɗigo. Ƙaramar fitila guda ɗaya ta fi ɗaga ISO amfani.

Na huɗu shi ne daidaiton fari. Idan aka bar shi a kan otomatik, farar shaddar ango na iya komawa ruwan ɗorawa daga ya matsa ƙarƙashin wata fitila. A saita shi da hannu: kusan 5600K a hasken rana, kusan 3200K a ƙarƙashin ƙwan fitila mai launin ɗorawa.

Da rana tsaka kuwa, 1/50 kan sa haske ya yi yawa har hoto ya ƙone. Maganinsa gilashin ND da ake ɗaurawa a gaba. Aikinsa tamkar baƙin tabarau ne: yana rage haske ba tare da an taɓa saiti ba.

Inda take da rauni

An ƙera waɗannan kyamarori ne don hoto, shi ya sa makirfon cikinsu ke kwasar iska, ƙarar janareta da motsin hannu. Mai kallo yana iya jure hoto mai rauni, amma ba ya jure murya marar fita. A nemi makirfon maƙalawa a wuyan riga, ko ƙaramar na'urar naɗar sauti irin Zoom H1n. Tafi ɗaya a gaban kyamara kafin a fara yana sauƙaƙa haɗa sauti da hoto lokacin tacewa.

Sai iyakar lokaci. Tsofaffin samfura da yawa suna tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda harajin da Tarayyar Turai ta taɓa ɗora wa kyamarorin bidiyo. Da yawa daga cikin sababbin ba su da wannan iyaka. Mai ɗaukar wa'azi ko lacca ya binciki tasa tun a gida.

Zafi ma matsala ce. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, ƙaramar kyamara mai ɗaukar 4K na iya kashe kanta. A riƙa ajiye ta a inuwa, a ɗago allonta daga jikinta, a kashe ta idan ba a ɗauka. A lokacin hunturu kuma a guji canza gilashi a fili, domin ƙurar da ta sauka kan sensa za ta bayyana a matsayin tabo a kowane hoto.

Katin memori da batir

Bidiyon 4K mai 100Mbps yana cin kusan megabait 750 a minti ɗaya, ke nan katin 64GB zai cika a cikin kusan minti 85. A duba alamar V30 ko sama da haka a jikin kati, domin kati marar sauri yana katse ɗauka, jabu kuma yana iya tafiya da aikin gaba ɗaya. Batir biyu ko uku dole ne, haka ma matattarar kyamara mai ƙafa uku, tunda rawar hannu tana fitowa fili a babban allo.

Kafin a kashe kuɗi

Ba lallai ne mai farawa ya sayi sabuwa ba. Kyamara ta hannu mai lafiya, gilashi ɗaya, makirfo da fitila sun isa fara aiki, kuma DaVinci Resolve yana da nau'in kyauta don tacewa a kwamfuta. Wanda bai tara kuɗi ba tukuna yana iya koyon waɗannan saituna huɗu a sashen Pro na kyamarar wayarsa, idan tana da shi. Ranar da zai karɓi aikin farko kuwa, ya gwada komai a gida kwana ɗaya kafin bikin, ya kalli abin da ya ɗauka, ya kuma saurare shi da abin kunne.