Wa'adin Gwaji da Haƙƙin Ma'aikaci a Dokar Ƙwadago ta Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ma'aikacin da aka ɗauka bisa sharaɗin gwaji a Nijeriya. Ta nuna cewa abin da gwaji yake jinkirtawa shi ne tabbatar wa mutum da aiki, amma haƙƙoƙinsa na ma'aikaci suna nan tun ranar da ya kama aiki. Ta kuma nuna cewa wa'adin yana ɗaure mai ɗaukar aiki kamar yadda yake ɗaure wanda aka ɗauka.

1.0 Gabatarwa

A bakin jama'a, akan cuɗanya ma'aikacin gwaji da na wucin gadi da ɗan koyo, alhali kuwa kowannensu da matsayinsa. Na wucin gadi ya san ranar tafiyarsa, ɗan koyo kuma sana'a ya zo nema. Shi kuwa na gwaji an ɗauke shi ne da niyyar ya zauna, sai dai an ware wani lokaci don a ga ƙwazonsa da halinsa. Wannan tsari baƙo ne ga barantakar da Bahaushe ya sani, inda bara kan shekara da shekaru a hannun ubangida ba tare da an yanka ranar da za a ce ya ci jarrabawa ba. Mai yiwuwa wannan yana cikin dalilan da suka sa ma'aikata da yawa ba sa ganin laifin wa'adin da ya wuce ba a ce musu uffan ba.

2.0 Abin da Doka ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ba ta ware wa gwaji wani babi ba, ba ta kuma ƙayyade tsawonsa ba. An bar wannan ga yarjejeniyar ɓangarorin biyu. Kamfanoni masu zaman kansu sun fi yanka wata uku zuwa shida, Ƙa'idojin Aikin Gwamnatin Tarayya kuwa sun sanya shekara biyu.

Shirun dokar yana da ma'ana. Tunda ba ta fitar da ɗan gwaji daga sahun ma'aikata ba, duk abin da ta ba ma'aikaci ya shafe shi. Sashe na 7 ya wajabta a ba shi takardar sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aiki. Sashe na 11 ya fayyace notis ɗin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Idan takardar ɗaukar aiki ta yi alkawarin wata guda, to wata gudan ne ya hau kan mai ɗaukar aiki. Haka nan albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, da diyyar rauni a bakin aiki bisa dokar 2010, ba a rataya su ga tabbatar da aiki ba.

Akwai dai haƙƙoƙin da tsawon zama ne yake kawo su. Hutun shekara mai albashi sai bayan wata 12 a jere, rabin albashi a hutun haihuwa kuma sai mace ta yi wata shida tana aiki. Abin lura a nan, lissafin yana farawa ne daga ranar kama aiki, watannin gwaji ma suna ciki.

Giɓin da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla yana cikin ma'anar da dokar ta ba kalmar "ma'aikaci", domin ta tsame masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Malamin jami'a, alal misali, kariyarsa tana cikin takardar ɗaukarsa, da dokar da ta kafa jami'arsa, da kuma hukunce-hukuncen kotu.

3.0 Hukunce-hukuncen Kotu

Shari'o'i biyu da aka fi kafa hujja da su duk daga jami'a suka fito. A wadda ta shafi Jami'ar Jos a 1990, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa manufar gwaji ita ce mai ɗaukar aiki ya riƙe damar ƙin tabbatar da wanda bai gamsar da shi ba. Saboda haka yana iya sallamarsa cikin wa'adin, muddin ya bi sharuɗɗan yarjejeniya. Ɗan gwaji ba shi da tabbacin zama irin na wanda aka tabbatar.

A 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba ɗaya fuskar, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Wa'adin gwajin wani malami ya cika, jami'a ba ta tabbatar da shi ba, ba ta kuma sallame shi ba. Ya ci gaba da aiki ana biyansa albashi har na wasu watanni. Kotu ta yanke cewa da wannan hali jami'a ta riga ta tabbatar da shi a aikace, ba ta da ikon dawowa daga baya ta ce har yanzu gwada shi take yi. Hikimar hukuncin a fili take. Idan aka bar mai ɗaukar aiki ya yi shiru yadda ya ga dama, gwaji ya tashi daga hanyar tantance ƙwazo ya koma dabarar riƙe mutum cikin fargaba, a hana shi ƙarin girma da damar ƙaro ilmi, kuma a iya korarsa da gajeren notis duk ranar da aka so.

Gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya ƙara wa wannan fahimta ƙarfi. Sashe na 254C ya damƙa shari'o'in ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya kuma ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da la'akari da kyawawan ƙa'idojin duniya. Daga cikinsu akwai Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982. Ita ma ta yarda ƙasa ta tsame ɗan gwaji daga kariyarta, amma da sharaɗi biyu: a yanka wa'adin tun farko, kuma tsawonsa ya zama wanda hankali zai ɗauka. Nijeriya ba ta rattaba amincewarta da yarjejeniyar ba, duk da haka kotun takan yi amfani da ita a matsayin ma'auni.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne wajen ma'aikatan da ba su da takarda ko kaɗan, kamar malaman ƙananan makarantun kuɗi da masu jiran shago. Da yawansu da fatar baki aka gaya musu cewa za a gwada su, ba a ambaci wata nawa ba. Yarjejeniyar baka tana da ƙarfi a doka, amma ranar da aka je gaban alƙali, mai ƙara ne zai tabbatar da ranar da ya fara aiki da abin da aka yi masa alkawari, kuma sau da yawa saƙon shigar albashi daga banki ne kaɗai shaidar da take hannunsa.